Na'urar da aka fi saya, ko wadda aka fi kunnawa? Abin dubawa kafin ka zaɓi gem

Duk inda musu ya kaure tsakanin masoya PlayStation da na Xbox da na Nintendo, ba a daɗewa wani zai zaro alƙaluma. "Tamu an sayar da miliyan kaza, taku fa?" Daga nan sai a ga kamar an kashe bakin zance. Masu musun ba su da asara, kowa ya riga ya sayi tasa. Wanda abin ke iya cutarwa shi ne na gefe, wanda ya daɗe yana tara kuɗi don ya sayi na'ura guda ɗaya tak, yana sauraro yana lissafi a ransa cewa inda aka fi ciniki, can jama'a suke.

Ni ma na taɓa yin wannan lissafin. Akwai wani gem na tseren motoci da na ƙwallafa rai a kansa, na same shi bayan ya shekara biyu da fitowa, a kan na'urar da a lokacin ba a maganar wata sai ita. Na zauna da dare, na shiga ɓangaren karawa ta intanet, na danna neman abokan tsere. A kusurwar allo aka rubuta 1/12, wato ni kaɗai a cikin gurbi goma sha biyu. Agogon jira yana ta tafiya. Wajen minti huɗu sai ya koma 2/12, har na gyara zama na riƙe fad da kyau. Ko daƙiƙa talatin ba a yi ba mutumin ya gaji ya fita, aka koma 1/12. Miliyoyin da aka ce sun sayi irin na'urata suna nan a duniya, ba ƙarya aka yi mini ba. Kawai dai babu ko ɗaya daga cikinsu da ke son tseren mota a wannan gem ɗin, a wannan sa'ar, a kusa da inda nake.

Abin da na gane daga baya shi ne ƙidaya iri uku ake jefa wa mutane a matsayin abu ɗaya. Akwai ƙidayar na'urorin da aka sayar, akwai ƙidayar waɗanda suka kunna tasu a cikin wata ko shekara, sannan akwai ƙidayar waɗanda ke cikin wani gem a daidai wannan lokacin. Kowacce da tambayar da take amsawa, kuma wadda aka fi yayatawa ita ce mafi nisa da bukatar mai saye.

Mu fara da ta cinikin. Yawancin adadin da Sony, mai PlayStation, da Nintendo ke fitarwa duk wata uku a rahoton kuɗinsu, na kayan da suka bar hannun kamfani zuwa hannun 'yan sari da manyan kantuna ne. Na'urar da ke jibge a sito cikin kwalinta, ba wanda ya taɓa ɓare ta, ta riga ta shiga lissafi. A kan dogon lokaci bambancin yana raguwa, tunda ba ɗan kasuwar da zai ci gaba da sarin abin da ba ya fita, amma a cikin wata uku ko shida tazarar kan yi faɗi. Tsofaffin 'yan gem suna tuna abin da ya sami Atari a 1983, lokacin da kaset-kaset ɗin da aka ƙi saya suka yi wa kamfanin yawa har ya kwashe su ya binne a juji a Alamogordo, jihar New Mexico ta Amurka. An daɗe ana ɗaukar labarin kamar almara, sai a 2014 aka tona wurin aka same su.

Babbar matsalar wannan ƙidaya dai ita ce ba ta taɓa yin ƙasa. Na'ura ta ƙone, tana cikin lissafi. An jefa ta a ƙasan gado ƙura ta rufe ta, tana ciki. Mai ita ya yi aure ya daina gem, ko ya rasu, duk tana nan. PlayStation 2, wadda ta fito a shekarar 2000, an sayar da fiye da miliyan 160, kuma wannan adadi zai zauna haka har abada ko da babu guda ɗaya da ke kunnuwa a doron ƙasa. Wasu ma da suka saye ta a farkon fitowarta, kallon faifan DVD ne ya ja su, gem ɗin ƙari ne. Kuma akwai waɗanda ba su taɓa shiga hannun ɗan gem ba sam: a 2010 rundunar sojin saman Amurka ta haɗa PlayStation 3 guda 1,760 wuri ɗaya ta mai da su babbar kwamfutar bincike. Su ma an ƙirga su cikin cinikin PS3.

Sai kuma mutum ɗaya da ake ƙirgawa sau biyu ko uku. Xbox 360 ta yi fama da wata lalura a shekarunta na farko, wadda fitilu uku ja ke kamawa a jikin maɓallin kunnawa na'urar ta tsaya cik. Abin ya yi tsanani har a 2007 Microsoft, mai Xbox, ta tsawaita garanti zuwa shekara uku, ta ware sama da dala biliyan ɗaya don gyara. Wanda aka gyara wa ko aka musanya masa, shi ke nan. Wanda tasa ta mutu bayan garanti ya ƙare, ya je ya sayi sabuwa don kada kaset-kaset ɗinsa su tashi a banza, wannan ya zama mutum biyu a takarda. Ko ba lalacewa ma, kamfanonin da kansu suna kwaɗaita wa mutum sake saye. Switch ta Nintendo ta fito a 2017, aka kawo Switch Lite a 2019, aka kawo mai allon OLED a 2021, kuma duka ukun ana tara su a ƙarƙashin suna ɗaya, adadin da yanzu ya haura miliyan 150. Na san gidan da mutum ɗaya ke da biyu daga ciki, ɗaya a jikin talabijin ɗaya a jaka. Haka PS4 da PS4 Pro, haka PS5 da PS5 Pro da ta fito a ƙarshen 2024.

Kada a ce kullum ƙari ƙidayar take yi, wani lokaci ragewa take. Na'ura ɗaya a falo, wa da ƙanne uku suna karɓa-karɓa, abokansu na shigowa da yamma, a takarda duk mutum ɗaya ne. Na'urar hannu kuma, wadda ta bi ta hannun mutum uku ko huɗu, sau ɗaya aka ƙirga ta, ranar da ta bar kamfani. To ka ga kuskuren ta gefe biyu yake, kuma ba wanda zai iya ce maka ƙarin da ragin sun yi daidai sun share juna.

Misalin da ya fi fito da abin fili daga bakin Sony ya fito. A watan Mayun 2024, a taron da ta yi wa masu zuba jari bayani, ta nuna cewa PS5 miliyan 49 ake kunnawa a wata, PS4 ma miliyan 49. Kunnen doki. Alhali a lokacin PS4, wadda ta fito tun 2013, an sayar da kimanin miliyan 117, PS5 kuwa ba ta daɗe da wuce miliyan 59 ba. Yi lissafin da kanka: a cikin kowace PS4 goma da aka taɓa sayarwa, kusan huɗu ne ke raye, a PS5 kuwa takwas. Wanda ya bi ƙidayar ciniki zai ce PS4 ta ninka PS5 jama'a, ya yi kuskure. Wanda ya bi tallace-tallace ya ce PS4 ta mutu an binne, shi ma ya yi kuskure, domin shekara uku da rabi bayan fitowar magajiyarta rabin jama'ar gidan suna kanta. Kuma ko a wannan kunnen dokin akwai bambanci, don a bayanin an nuna masu PS5 suna kashe sa'o'i biliyan 2.4 a wata, masu PS4 kuma biliyan 1.4. Kawuna ɗaya, zama daban. Idan kana neman abokin karawa da ƙarfe ɗayan dare, wanda ke zama ya daɗe ya fi maka amfani a kan wanda ke leƙowa sau ɗaya a mako.

Wannan zai sa mutum ya ce to shi ke nan, a watsar da ƙidayar ciniki a kama ta masu kunnawa. Ta fi kusa da gaskiya, ban musa ba, kuma in za a tilasta mini zaɓen ɗaya cikin biyun ita zan ɗauka. Amma a nan kowane tsuntsu kukan gidansu yake yi, kowane kamfani da mudun da ya ƙera wa kansa.

Sony tana ƙirga asusun da ya buga gem ko ya yi amfani da wata hidima ta PlayStation Network a cikin wata guda. A Disambar 2024 ta ce adadin ya kai miliyan 129. Lura da kalmar: asusu. Mutumin da ya buɗe asusu uku, ɗaya nasa, ɗaya na wata ƙasa don sayen gem, ɗaya don ya sake fara gasa daga tushe, mutum uku ne a wurinsu. Nintendo kuma da shekara take aunawa: duk asusun da ya buɗe gem a kan Switch ko da sau ɗaya ne cikin wata goma sha biyu, ya shiga. Da wannan mudun take samun sama da miliyan 120. Yaron da ya kunna ranar hutu ɗaya ya mayar aljihun tebur, da wanda ba ya kwana sai ya buga, darajarsu ɗaya. Saboda haka ɗora miliyan 129 na Sony kusa da na Nintendo a ce wane ya fi, kamar gwada tsawon wani ne da nauyin wani.

Microsoft ce ta fi kowa sauya mudu. Tun 2015, lokacin da PS4 ke gaban Xbox One da tazara mai yawa, ta daina faɗin adadin na'urorin da ta sayar, ta koma faɗin masu amfani a wata. Duk wani adadin cinikin Xbox One ko Xbox Series da ka gani ana yawo da shi, galibi kiyasin masu nazarin kasuwa ne. A farkon 2023 ta ce tana da masu amfani miliyan 120 a wata. A Oktoban wannan shekarar ta kammala sayen kamfanin Activision Blizzard, masu Call of Duty, kan kusan dala biliyan 69, cinikin da ya haɗa da King, masu Candy Crush. A 2024 sai ga adadin ya haura miliyan 500. Ba ƙarya ba ne, amma a cikinsa akwai mai kwamfuta, akwai mai buga Call of Duty a kan PlayStation, akwai mai jera alewa a waya yana jiran layi. Ga mai son sanin ko zai sami jama'a a kan na'urar Xbox kanta, wannan taron tsintsiya ne ba shara.

Akwai kuma wani gibi da duk ƙidayar nan ke da shi. Na'urar da ba a haɗa da intanet ba, kamfani ba ya ganinta. Mutane huɗu na iya kwana suna fafata ƙwallo a kan PS4 ɗaya da faifai, kowace rana ta Allah, amma a rahoto babu su. Shaidar cewa irin waɗannan suna da yawa tana wurin masu yin gem, waɗanda ba sa zuba kuɗi inda babu mai saye. An daina ƙera PS2 wajen farkon 2013, amma a ƙarshen wannan shekarar an fitar mata da FIFA 14 da PES 2014. Wii ta Nintendo ta fito a 2006, an rufe mata wasan intanet a Mayun 2014, duk da haka Ubisoft ta kawo mata Just Dance 2020 a ƙarshen 2019. Da babu gidajen da ke kunna ta, da ba a wahala ba.

Wani abin da ba a cika faɗa ba shi ne, ba duk mai kunnawa ne zai iya haɗuwa da kai a fili ba. A kan na'urorin nan uku, gem ɗin da ake saya da kuɗi yana bukatar biyan kuɗin wata-wata kafin a buga shi da mutane ta intanet, irin su Fortnite da ake saukewa kyauta ne aka ɗauke musu wannan sharaɗin. A Maris 2023, Sony tana da masu amfani miliyan 108 a wata, amma masu biyan PlayStation Plus miliyan 47.4 ne, ƙasa da rabi. Daga baya ma ta daina faɗin wannan adadin. Ke nan in gem ɗinka na saye ne, tun kafin a fara komai an zabge fiye da rabin taron da aka yi maka alfahari da shi.

Yanzu ga ƙidaya ta uku, wadda ita ce ta shafi daren da na zauna ina kallon 1/12. Mutum nawa ne ke cikin wannan gem ɗin yanzu? A ɓangaren kwamfuta Valve tana bayyana wannan a fili a dandalinta na Steam, kowa na iya dubawa, kuma shafin SteamDB yana ajiye tarihin hawa da saukar kowane gem. A Maris 2025 masu shiga Steam a lokaci guda sun haura miliyan 40, ko da yake kusan kashi ɗaya cikin uku ne ke cikin wani gem, sauran sun bar manhajar a buɗe ne kawai. Sony da Microsoft da Nintendo ba sa ba da irin wannan dalla-dalla. Abin da za ka samu shi ne jerin gem ɗin da aka fi bugawa ko aka fi saukewa, ba tare da adadi ba.

Shekarar 2024 ta ba da darasi biyu daga gida ɗaya. A Fabrairu Sony ta fitar da Helldivers 2 a PS5 da kwamfuta, jama'a suka yi masa caa har sabar kamfanin, wato kwamfutocin da ke haɗa masu bugawa, ta kasa ɗauka, mutane na jiran layi kafin su shiga. A Steam kaɗai an ga sama da mutum 450,000 a lokaci guda. Ranar 23 ga Agusta ta fitar da Concord, shi ma na harbi ne ta intanet, shi ma a PS5 da kwamfuta. A Steam bai taɓa tara mutum 700 a lokaci ɗaya ba. Ranar 6 ga Satumba aka rufe shi, aka mayar wa mutane kuɗinsu, mako biyu kacal. A lokacin an sayar da PS5 sama da miliyan 60. Na'ura ɗaya, kamfani ɗaya, shekara ɗaya, yawan cinikin bai cika zauren Concord ba kuma ba shi ya cika na Helldivers ba.

Juya hoton kuma ka dubi Wii U, wadda kowa ya yarda ta faɗi ƙasa warwas: miliyan 13.56 kawai, bayan yayarta Wii ta yi miliyan 101.63. Amma Mario Kart 8 ya sayar da miliyan 8.46 a kanta, wato sama da shida cikin kowane mutum goma masu na'urar suna da shi. Ƙaramin gari ne, amma kusan kowa a dandali ɗaya yake taruwa. Wanda ya sayi Wii U don wannan gem ɗin ya fi ni samun abokan tsere, ni da ke kan na'urar da ta ninka ta ciniki sau da yawa.

Sai dai a kan Wii U ɗin nan ne kuma ƙidayar ciniki ke nuna inda take da amfani, don kada a ce na yi mata rashin adalci. Masu yin gem suna duba yawan na'urorin da ke hannun jama'a kafin su yanke shawarar inda za su kai kayansu. Da suka ga Wii U ba ta tafiya, sai suka janye jiki ɗaya bayan ɗaya. FIFA 13 shi ne gem ɗin FIFA na farko kuma na ƙarshe da EA, mai yin sa, ta kai mata. Ba ta cika shekara biyar ba Nintendo ta maye gurbinta da Switch. Dreamcast ta Sega ma haka, ta fito a Japan a 1998, a 2001 aka daina ƙera ta. Saboda haka a shekara biyun farko na rayuwar na'ura, saurin cinikinta alama ce mai kyau ta ko za a ci gaba da kawo mata sababbin gem. Da aka ce Switch 2 ta sayar da miliyan 3.5 a kwana huɗun farko bayan fitowarta ranar 5 ga Yunin 2025, abin da wannan ke gaya maka shi ne masu yin gem ba za su guje ta ba. Bai ce maka komai a kan mutum nawa za ka tarar a gem kaza ba. In na'ura ta tsufa kuwa, adadin cinikinta ya koma tarihi, amfaninsa a musu ne kawai.

To mai kuɗi a hannu, wace zai bi? Ya danganta da irin ɗan gem ɗin da kake, kuma gara ka gaya wa kanka gaskiya a nan.

In kai mai gem ɗin labari ne, ka zauna kai kaɗai ka bi shi daga farko har ƙarshe, yawan masu kunnawa bai dame ka da komai ba. Zelda ba ya raguwa don maƙwabta sun daina bugawa. Abin da za ka duba shi ne jerin gem ɗin da ke kan kowace na'ura, da kuma ko tana karɓar na wadda ta gabace ta. PS5 tana buga kusan duk na PS4, Switch 2 tana buga mafi yawan na Switch, Xbox Series kuma tana komawa baya har zuwa wasu na Xbox 360 da na Xbox ta farko. Mario da Zelda sai a gidan Nintendo. Katangar Xbox kuwa ta fara rushewa da hannun mai ita, tunda Sea of Thieves ya je PS5 a 2024, Forza Horizon 5 ya bi shi a 2025. Wanda zai sayi Xbox yau, hujjarsa mai ƙarfi ita ce Game Pass, ya biya kuɗin wata ya buga ɗaruruwan gem, ba yawan jama'a ba.

In kuma karawa ta intanet ce ta kawo ka, ƙwallo ko harbi ko dambe, to ajiye sunan na'ura tukuna ka fara da sunan gem. Tambayar farko: shin yana haɗa masu na'urori daban-daban a fili ɗaya? Tun da Sony ta buɗe wa Fortnite wannan ƙofar a Satumbar 2018, Call of Duty ya biyo baya a 2019, manyan gem da yawa sun koma tafki ɗaya da kowa ke zubawa a ciki. A irin waɗannan, mai Xbox ba ya jin kaɗaici ko da an ce PlayStation ta ninka su, tunda tare ake zuba su. Musun wa ya fi ciniki ya zama na banza a nan.

Amma a karanta sharaɗin da kyau, musamman 'yan ƙwallo. A FIFA 23, da EA Sports FC 24 da 25 da suka biyo bayan sauya sunan, haɗakar ta sa'anni ce: PS5 da Xbox Series da kwamfuta a rukuni ɗaya, PS4 da Xbox One a wani rukunin, mai Switch kuma shi da 'yan'uwansa masu Switch kawai. Wato mai PS5 zai iya karawa da mai Xbox Series, amma ba zai haɗu da amininsa mai PS4 ba sai in ya koma ya buɗe samfurin PS4 na gem ɗin a kan tasa na'urar. Ga Switch da cinikin sama da miliyan 150, amma a fagen ƙwallon intanet tafkinta daban yake, kuma ba don ƙwallo yawancin masu ita suka saye ta ba. Takardun da suka fito a shari'ar Epic, masu Fortnite, da Apple a 2021 sun nuna irin wannan rabuwar: daga Maris 2018 zuwa Yulin 2020, kashi 46.8 cikin ɗari na kuɗin da Fortnite ya samu daga PS4 ya fito, kashi 27.5 daga Xbox One, iPhone da iPad kuwa, duk da ɗaruruwan miliyoyin da ke hannun mutane, kashi 7 kawai.

Bayan haka adadin duniya sai an yanyanka shi kafin ya iso gare ka. Gem yana ƙoƙarin haɗa ka da na kusa da kai don kada saƙo ya riƙa jinkiri, ka danna harbi sai bayan an kashe ka bindigar ta tashi. Yana raba mutane bisa ƙwarewa, bisa salon wasan da suka zaɓa, ga kuma bambancin sa'o'i. Kasuwanni ma ba ɗaya ba ne: a Japan Nintendo ce ke riƙe da gari, Xbox kuwa tun fil azal ba ta taɓa yin ƙarfi a can ba, alhali a Amurka tana da jama'arta. Mutum dubu ashirin a duniya na iya zama mutum goma sha biyar a yankinka da tsakar dare. Shi ya sa kafin in sayi gem na intanet yanzu, nakan duba layinsa a SteamDB in yana kan kwamfuta, ba don adadin ya shafi na'urata kai tsaye ba, sai don in ga ko hawa yake ko gangarowa. Gem ɗin da ya zube a can da wuya ka same shi a cike a wani wurin. Nakan kuma nemi bidiyon wanda ya buga shi a cikin makon nan, in ƙirga daƙiƙa nawa ya yi yana jira kafin a haɗa shi da mutane. Gani ya kori ji.

Mai niyyar sayen tsohuwar na'ura ta hannu, shi ƙidayar masu kunnawa ce ta fi shafarsa, tare da ranar da kamfani zai ja filogi. Nintendo ta rufe shagon intanet na Wii U da 3DS a Maris 2023, ta rufe musu wasan intanet a Afrilun 2024. Microsoft ta rufe shagon Xbox 360 a Yulin 2024. Waɗannan na'urori duk suna da tarihin cinikinsu, 360 ma ta haura miliyan 80, amma bai hana a rufe ba, domin masu kunnawa kamfani ke dubawa in zai yanke irin wannan hukuncin. PS4 tana da sauran numfashi saboda waccan miliyan 49 ɗin, sai dai adadin na 2024 ne kuma ƙasa yake yi, manyan sababbin gem da dama sun riga sun tsallake ta. In da faifai za ka buga, da mutanen da ke zaune kusa da kai, wannan duk bai hana ka komai ba. In don intanet ne, ka saye ta da sanin cewa ranakunta ƙidayayyu ne.

Gidan da yara da manya za su taru a gaban allo ɗaya kuwa, babu ɗaya cikin ƙidayar uku da ke da abin cewa. Fad nawa na'urar ke ɗauka, gem nawa ne ke barin mutum huɗu su buga tare, shi ke nan. A wannan fagen Nintendo ta fi sauran tanadi.

Akwai ƙidaya ta huɗu da ba ta cikin rahoton kowane kamfani, kuma ita nake fara yi yanzu. Nakan ɗauki waya in rubuta wa mutum biyar ko shida da na san da su zan riƙa bugawa: wace na'ura ke hannunka, wane gem kake kai a watan nan, ƙarfe nawa kake zama? Karon ƙarshe da na yi haka, huɗu sun ce suna kan na'ura iri ɗaya, ɗaya yana kwamfuta, na shidan ya ce tasa tana cikin kwali tun bara, in ina so ma in zo in ɗauka.